Sunan da Koci Bai Kira Ba

"Ɗaga gwiwa, Adjoa! Ɗaga gwiwa, ba kasuwa aka aike ki ba!"

Muryar Koci Hambali ta ratsa filin gudu har bakin titi, inda jirgin ƙasa mai lamba huɗu yake wucewa ta sama da rugugi. Asabar ce da hantsi, sanyi yana cizon kunne. Yaran unguwar Morris Heights da ke Bronx a Amurka suna zagaya fili, shi kuwa yana tsaye da usur a wuya yana kiran sunayensu ɗai-ɗai. Wadda ta yi ƙoƙari ya dafa mata kafaɗa, wanda ya faɗi ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa gwiwa. Iyaye suna sonsa, ga shi ba ya karɓar ko sisi.

Da aka tashi, mahaifin Adjoa, wani mutumin Kumasi mai tuƙa tasi, ya miƙo masa hannu.

"Koci, ina champion ɗinmu? Mun daɗe ba mu gan ta ba."

"Tana makaranta," in ji Hambali, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ƙarya ce, kuma ya daɗe yana yin ta. 'Yarsa tana wata cibiyar kula da masu shaye-shaye a can ƙarshen Bronx, shi kuwa ko ƙofar wurin bai taɓa gani ba.

* * *

Tun yana saurayi ya baro Kano, zamanin da ɗan Afirka a kwalejin Amurka abin kallo ne. Ƙafarsa ce ta biya masa karatu. Da kaka ya buga ƙwallon ƙafa, da sanyi ya yi dogon tsalle a rufaffen fili, da bazara ya yi tseren mita ɗari huɗu. Da gudu ya ƙare sai ya koma koyarwa, ya shekara da shekaru yana horar da 'ya'yan mutane har furfura ta cim masa. Kofunan da ya ci a gasa suna nan jere a kan kabad, kuma tun da matarsa Rukaya ta rasu ba wanda ya ƙara goge su.

Amurka ta canja masa abinci, ta canja masa tufafi, har harshe ta ɗan lanƙwasa masa. Abu ɗaya ne ta kasa taɓawa, wato kunyar ɗan fari. Ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, shi ma da aka haifa masa Raudatu sai ya bi sahu. "Ke" yake ce mata, in kuwa zancenta ya zo a gaban mutane, "yarinyar nan". Ba ya ɗaukarta a bainar jama'a, ba ya yabonta. Ya manta cewa a gida akwai kaka da gwaggo da kawu masu kiran ɗan fari har sunan ya gundure shi. A hawa na biyar na wani bene a Bronx babu kowa sai uwa, uwar kuma ta tafi yarinyar tana sakandare.

Raudatu ta gaji ƙafarsa har ta fi shi. Da sanyi ƙwallon kwando, da bazara tseren tsallake shinge. Ranar da ta ci gasar jiha, ta zo ta tsaya gabansa tana haki, lambar zinariya a wuya. Zuciyarsa kamar ta fashe don daɗi. Sai ya dubi agogon hannunsa ya ce, "A shingen ƙarshe kin yi sanyi." Ya juya ya rungume wadda ta zo ta uku.

A shekararta ta biyu a kwaleji gwiwa ta tsage. Ta kira shi a waya tana kuka. Ya ji kukan har cikin ƙashinsa, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya sawwaƙe. Ki daure." Ita kuwa ta ɗauka umarnin koci ne. Masu kula da 'yan wasa suka ba ta ƙwayoyin kashe zafi don kada ta rasa gasa, ta yi ta gudu a kan gwiwar da ta lalace. Da ƙafar ta ƙi gaba ɗaya, kwalejin ta janye tallafin karatu, ta ɗauko wata yarinyar mai sabuwar gwiwa. Ƙwayoyin dai ba su janye ba. Da likita ya daina rubutawa, 'yan bakin titi suka ci gaba da sayar mata.

* * *

Bayan sallar Juma'a ya biya titi na 116 sayen tuwo a shagon Zeinabou, 'yar Maraɗi, aminiyar marigayiya matarsa. Ita ce ta tsinci Raudatu tana gyangyaɗi a tashar jirgi, ita ce kuma ta kai ta cibiyar. Ta zuba masa miya ba ta dube shi ba, sannan ta ja shi bayan kantar shagon inda ba mai ji.

"Koci, mi kake jira? Ƙarshen watan ga za su sallame ta."

"To, ai gida yana nan."

"Ta ce ba ta komawa. Wai shelter za ta tafi, gidan marasa matsuguni. Ka san abin da ke cikin shelter, wallahi sati guda ba ta yi ba ta koma ma ƙwaya ba."

Hambali ya dubi ƙofa. "Hajiya, a hankali. Idan mutanen masallaci suka ji..."

"Su ji! Ɗiyan nawa ne cikinsu ke sha, kowa ya rufe ƙofa yana cewa suna lakkal, suna karatu?" Ta goge hannu da zane. "Ka san mi ta ce mini? Ta ce, Anti, ina jin Coach bai ma san sunana ba."

"Ni na raɗa mata shi a kunne," ya ce. "Sunan mahaifiyata ne."

"Bon. Ni na san kunya ce, ita ba ta sani ba. Nan aka haife ta. Tafi ka kira ɗiyarka."

Ya koma gida ya ajiye tuwon bai ci ba. Ya zauna gaban kofunan, kaɗaici ya danne shi yadda bai taɓa yi ba tun ranar jana'izar Rukaya. Ya gwada sunan a hankali, shi kaɗai a ɗaki, ya ji kamar an kama shi yana sata.

* * *

Ranar Lahadi ya shiga bas da ledar lemo da sabuwar rigar sanyi. A cibiyar, wata mata mai tabarau ta tambaye shi wurin wa ya zo. Ya ce wurin 'yarsa. Ta ce sunanta fa? Ya yi gyaran murya ya faɗa, da Turancinsa na koci, ya ga ashe ba wani abu ne mai wuya ba. Ya zauna a ɗakin baƙi yana maimaitawa a zuci.

Ƙofa ta buɗe, 'yarsa ta shigo. Ta rame, tana jan ƙafar hagu, hannayenta cikin aljihu. Idanun dai na Rukaya ne. Ta tsaya nesa kaɗan, kamar yadda take tsayawa bayan kowace gasa.

"Coach," ta ce.

Ya miƙe. Sunan ya taso har maƙogwaro. Sai ya ga akwai mutane a ɗakin, wata uwa tana shafa kan ɗanta, wani tsoho yana kallonsu. Kunyar da ya girma da ita ta riƙe masa harshe, idonsa ya sauka ƙasa, ya tsaya a kan gwiwarta.

"Ke... ya ƙafar?"

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

"Ƙafar is fine," ta ce a hankali. "Ƙafar ta gode da ka zo duba ta."

Ta juya tana ɗingishi. Ƙofar ta rufe kanta a bayanta, ledar lemon tana hannunsa.

A waje iska ta tashi. Ya tsallaka titi ya tsaya a tashar bas, ya ɗaga kai yana duban tagogin benen, duk iri ɗaya, duk a rufe saboda sanyi. Ya cika ƙirjinsa, ya saki muryar nan da ke kaiwa ƙarshen fili.

"Raudatu!"

Tattabarun da ke kan rufin tashar suka watse. Wata tsohuwa mai jiran bas ta matsa gefe ta ƙanƙame jakarta. Ya tsaya yana kallon tagogin har bas ta zo ta wuce, ba labulen da ya motsa.