Rigar da Ruwa Ba Ya Kamawa

"Da buroshi? Mbah, da buroshi kika dirje ta?"

"To da me zan dirje, da harshena?" Mbah Darmi ba ta ko ɗago daga tukunyar shinkafa ba. "Warin maganin ruwa take yi kamar banɗakin asibiti. Jikata za ta fita gaban manya tana wari? Omo na sa, na shanya ta a rana ta bushe ƙarau. Ki ce an gode."

Gendis ta tsaya a bakin kicin da rigar ninƙayar a hannu. Baƙa ce, marar nauyi kamar ɓawon albasa. Sau ɗaya ta taɓa shiga ruwa da ita, a gwajin shekaranjiya. Yanzu ƙamshin furanni take yi.

"Na ce kada kowa ya taɓa. Ruwan sanyi kawai, a inuwa."

"Nduk, yarinyata, tufa ce, ba jariri ba. Tun ubanki ba shi da haƙori nake wanki a gidan nan."

Gendis ta tsoma yatsa a bokiti, ta ɗiga ruwa a kan yadin. Da can ɗigon dunƙulewa yake yi, ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. Wani sinadari ne a fuskar zaren, shi ke hana rigar shan ruwa, ta sa jiki ya zame. Yau ɗigon ya zauna. Ya baje. Ya shige.

Ta sake ɗigawa a kafaɗa. Haka. A ciki. Haka.

Mbah ta leƙo, ludayi a hannu.

Ta taga Gendis na hango kejin da ke rataye a baranda, babu komai ciki. Na tsuntsun babanta ne a da, mai waƙa, wanda ya sha cin gasar tsuntsaye a Klaten. Baban, Pak Sarwono, ya sayar da shi don sayen rigar ranar da koci ya ce duk 'yan matan da za su kara da ita irin rigar nan za su sa. Biyun farko ne kawai makarantar wasanni ta lardi za ta ɗauka, karatu da abinci kyauta. Tsakanin ta biyu da ta uku, in ji koci, ƙiftawar ido ce. Har yanzu baban kan tsaya gaban kejin da asuba, ya fara fito, ya tuna.

"Kada ki faɗa masa," in ji Mbah ƙasa-ƙasa.

"Yau ce gasar, Mbah."

"Shi ya sa."

A bas zuwa Solo, garin da za a yi gasar, baban bai rufe baki ba. Ya gaya wa direba, ya gaya wa wata mai kwandon kaji. Tun ranar da mai shago ya nuna masa yadda ruwa ke gudu daga yadin, babu maƙwabcin da bai kira ya gani ba. Mbah ta rungume ƙunshin shinkafa da tempe, wainar waken soya, a ganyen ayaba, idonta a titi.

Ɗakin sa kaya cike yake da nishi. Rigar ba ta shiga da daɗi. Gendis ta sa leda a ƙafafu, ta riƙa jan yadin da tafin yatsu, kaɗan-kaɗan, don farce ɗaya ya isa ya yaga shi. Ta ji bai matse cinyarta kamar shekaranjiya ba. Ko kuwa tsoro ne. Ba ta sani ba.

Kinanti, wadda za ta yi iyo a layin kusa da nata, ta matso tana shinshina.

"Kai, amarya! Gasa kika zo ko biki? Har turare?"

"Kula da cikinki, ya kusa fasa taki."

Kinanti ta yi dariya, ta watsa ruwan gora a ƙirjinta. Ya gangare tas, bai bar tabo ba. Gendis ta kau da kai.

Kafin a kira su, baban ya tare ta a bakin shinge. Yana tare da baban Kinanti, mai shagon taya, mutumin da bai taɓa amsa gaisuwarsa da kyau ba.

"Nduk, zo. Matso nan. Pak," ya ce da baban Kinanti, "tsaya ka ga tata."

"Bapak, za a kira mu," Gendis ta ce da babanta.

"Yanzun nan."

Ya buɗe gorarsa. Mbah ta kama gefen rigarsa, ya zame hannu yana murmushi. Ya tsiyaya ruwan a kafaɗar Gendis a hankali, kamar yadda yake zuba wa tsuntsun a kofi.

Ruwan ya shige. Tabo mai duhu ya bazu har ƙirjinta.

Ya ƙara zubawa. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Lasifika ta fara kiran sunaye, layi na ɗaya, layi na biyu. Baban Kinanti ya duba agogonsa.

Pak Sarwono ya taɓa yadin da yatsa, ya dubi yatsan. Ya dubi 'yarsa, sannan uwarsa.

"Nduk, me ya sa ba ya gangarewa?"