Babur Ɗin da Ba Ya Tashi Sai da Inna

Tun rasuwar Mai Agogo babur ɗinsa ya ƙi tashi. Yana jingine a tsakar gida kusa da famfo, baƙi, tankinsa kamar tulu, fentin ya koɗe daidai inda gwiwoyin mai shi suke gogawa. Inna, matar marigayin, takan goge shi kowace safiya, duk da ba ta san ko sunan ƙarfe ɗaya a jikinsa ba.

Ƙanin mijinta, wanda yara ke kira Baba Ƙarami, shi ya kawo maganar masu sayen tsofaffin ƙarafa.

"Matar Yaya, ki yi haƙuri," ya ce. "Kamfanin da ya ƙera shi ma ya mutu tun muna samari. In ya tashi, Auta ya hau ya riƙa zuwa aiki. In ya ƙi, a kwashe shi, tsatsa kawai yake tarawa."

Inna ta ce a kira Dogo bakanike tukuna.

Dogo ya iso da jakar sifanu. Ya wanke fulogi, ya hura kafireta, ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga. Auta, ɗanta na ƙarshe, ya karɓa ya buga. Babur ya yi tari ya yi shiru.

Suna hutawa aka shiga tarihin kamfanin, nan kan Inna ya ɗaure. Ita dai abin da mijinta ya gaya mata, wasu 'yan'uwa biyu ne masu ƙera injin ban ruwa, ƙaramin ya ɗaura injin a jikin keke don ya riƙa zuwa ganin budurwarsa. Dogo ya ce sam, keken ɗinki suka fara yi. Baba Ƙarami ya rantse cewa Yaya da bakinsa ya ce masa na sojoji ne, bayan yaƙi aka sayar wa farar hula.

"To wanne ne gaskiya?" in ji Inna.

"Wataƙila duka," Dogo ya ce. "Maigida kowa da irin labarin da yake ba shi."

Abin ya tsaya mata a rai. Tare suka tsufa da mutumin nan, ashe labarin budurwar ita kaɗai aka ba. Ta rasa ko daɗi za ta ji ko haushi.

Baba Ƙarami ya miƙe yana kaɗe riga. "To, an gwada."

"Ba a gwada ba," ta ce, ita kanta ba ta san za ta faɗa ba. "Ai ban hau ba."

Auta ya yi dariya. "Inna, sai ya tashi ake hawa."

"Ubanka ba haka yake yi ba. Sai na zauna a baya yake bugawa. Cewa yake, hau, ba ya tashi sai da ke."

"Daɗin baki ne na Yaya," in ji Baba Ƙarami. "Shi da ko sannu sai an roƙa."

Ta gyara zani ta hau, ta zauna a karkace yadda ta saba. Bayan babur ya ɗan nutsa. Hannunta ya tafi neman kafaɗar da ba ta nan, sai ta kama ƙarfen kujera. Auta ya buga, ya sake bugawa, injin ya kama da ƙarar nan tasa mai kauri, hayaƙi ya cika tsakar gidan.

Dogo ya dafe kai. "Kai! Na sha'afa wallahi. Ciwon wannan samfurin ke nan. Bakin bututun mai a can bayan tanki suka sa shi, in mai ya yi ƙasa ba ya gangarawa sai baya ya nutsa. Mutane suka yi ta mayar musu da shi, daga nan kamfanin bai sake miƙewa ba."

Inna ta dube shi. Ƙarar ta sa sai da ta ɗaga murya. "Wato nauyina yake so?"

"Eh to, babur ɗin dai nauyi yake so."

"In yana shagonsa na agogo fa, ni ina gida?"

"Tayar gaba yake ɗorawa kan dakali."

Ashe ita da dakali aikinsu ɗaya. Amma akwai dakali a ƙofar gidan nan, bai taɓa tura babur can ba, ko tana tsakiyar wanki sai ya tsaya ta ɗauraye hannu. Ta juya maganar ta nan, ta juya ta can, ta kasa gane inda ta dosa.

"Gyaran ba wuya, Inna," Dogo ya ce. "Ɗan guntun tiyo ne. Na sha ce masa ya kawo in sauya, sai ya ce in bar masa kayansa. In sa yanzu?"

Baba Ƙarami ya ce a sa mana, tunda ya tashi ai ya zauna a gidan.

"A bar shi yadda yake," in ji Inna.

Auta ya waiwayo. "To ni fa? Kullum da safe sai kin fito kin hau?"

"Zan fito."

"Ko ana ruwa?"

"Kai dai kar ka kashe shi tukuna," ta ce. "Ban gama zama ba."