Tsohon da Aka Bari a Shafi na Arba'in

Ran Talata Baba ya daina cin abinci, ranar da Yaya ya zo gidan don ɗaukar bidiyo.

Shi dai Yaya ma'aikacin ofishin inshora ne, amma a waya sunansa Mai Nazarin Makomar Bil'adama. Abin da ya ɗora shi a wannan kujera littattafai ne guda shida, duk labaran bayan rushewar duniya: annoba ta share mutane, wuta ta ɗauke ba dawowa, 'yan tsirarun da suka saura suna gararamba a titi da jakunkuna a baya. Shi ma ya sayi tasa jakar, da igiya da tocila da wata wuƙa mai baki goma sha biyu. Har yau dai ba a ga ya ɓare ko lemo da ita ba.

Falon Baba ya zaɓa saboda bangon. Tsofaffin rediyoyi ne jere a kan katako, abin da ya rage na shagon gyaran da Baba ya riƙe tun kafin a haifi 'ya'yansa. Yaya ya ce suna ba da yanayi. Auta, ƙanwarsa, ita aka ba riƙon waya. Shi kuwa Baba yana kwance a ɗakin ciki, labule kawai tsakaninsu, tun da ciwo ya shanye masa ɓarin dama bara. Kunnensa dai lafiya lau.

"Darasi na uku," Yaya ya ce, ya ɗaga littafi yana ƙanƙance ido. "Ranar da komai ya rushe, ba a tambayar ko kai wane ne, abin da ka iya ake tambaya. A shafi na arba'in mutanen nan sun bar tsohonsu a wani kango da gorar ruwa ɗaya, don ba ya iya tafiya. Mugunta ce? A'a, hankali ne. Baki ne da shi mai ci, babu hannun aiki."

Auta ta nuna masa labulen da haɓa.

"Ke, kar ki girgiza min waya."

Babur ya wuce ya ɓata sautin, Yaya ya maimaita. Karo na biyu ya ce muryarsa ba ta yi nauyi ba, ya sake. Sau uku cif aka bar tsohon nan a kango, cikin falon Baba.

Da rana Auta ta kai wa Baba shinkafa da romo, ya ce ya ƙoshi. Da yamma ma ya ƙoshi. Laraba ta wuce, Alhamis ta shigo, ruwan haɗiye magani kawai yake karɓa. Nas ɗin da ke maƙwabtaka da su ta duba shi, ta ja Auta bakin ƙofa.

"Maganin nan ba a shan sa da cikin wofi. In bai ci komai ba zuwa Asabar, asibiti za ku, su zura masa roba ta hanci."

Auta ta san Baba. Da hannun hagun nan zai fizge robar, ko sau nawa aka mayar.

Sai ta yi dabara. Ta sauko da ƙaramar rediyon da take ji a kicin, ta buɗe bayanta, ta datse waya ɗaya, ta kai masa tana marairaicewa.

"Baba, ta mutu. Ina jin ɓera ne. Kuma duk layin nan ba wanda ya iya sai kai."

Ya ɗora rediyon a ƙirji, ya juya ta da hannun hagu, ya leƙa ciki.

"Ɓeran naku da almakashi yake yawo?" Maganarsa a karkace take fita tun da ciwon ya same shi, amma ba ta ɓata hanya. "Auta, jikina ne ya mutu, ba kaina ba. Ɗauke min."

Ta ɗauke, kunya kamar ta nutse.

Yaya ya zo da yamma, ta riga ta gaya masa a waya, kuma ba ta zaɓi kalmomi ba. Ya durƙusa gaban gadon ya fara jawabi. An ɗauki maganar ba a muhallinta ba. Magana ce ta adabi. Shi Baba ai taska ne, taskar ilimi da gogewa, wadda kowace al'umma mai son farfaɗowa za ta buƙata.

"To madalla," in ji Baba. "Taska ba ta cin shinkafa."

Ya juya fuska bango.

A soro ta tarar da Yaya ya jingina da bango, ya cire tabarau yana ta goge su da gefen riga. Ya ce ya goge bidiyon. Ya tambaye ta me zai yi, da muryar da ta daɗe ba ta ji ba, irin ta da can kafin ya zama mai nazari. Ta so ta yaɓa masa magana, sai ta fasa, ta ce ya je gida tukuna. Ya tafi ya manta littafin a kan kujera.

Ran Juma'a da safe ta aika shagon kwafin da take aiki ta ce ba za ta fito ba. Tana goge wa Baba fuska da tawul ya ce, "Littafin nan yana nan?"

"Yana nan."

"Karanta min. Ina so in ji yadda tsohon ya ƙare."

Auta ba ta yi nisa a makaranta ba. A shagon ta koyi dogon karatu, daga littattafan da ɗalibai ke kawowa a ɗinke musu, tana karanta abin da masu shi ba su karanta ba. Ta ja kujera ta fara daga shafi na arba'in da ɗaya. Mutanen suka haye gada. Suka yi faɗa a kan gwangwanin wake. Wani ya harbi wani, wata ta haihu a cikin motar da ta lalace. Rana ta taso ta taga ta hau ƙafar gadon. Da muryarta ta dushe ta shiga tsallake, tana bin shafukan da yatsa, tana neman inda aka ce tsoho ko kango. Ta kai bangon ƙarshe.

Ta yi niyyar ƙirƙiro masa wani abu, ta ce wata jikar tsohon ta koma ta ɗauko shi da amalanke. Ta kalli fuskarsa ta fasa.

"Ba su sake ambatonsa ba, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Shi ma marubucin ya manta da shi."

Ya daɗe yana kallon silin. Leɓunansa sun bushe sun tsage.

"Ke fa? In abin ya zo, za ki ɗauke ni?"

"A'a."

Ya juyo da ido.

"Kana da nauyi, Baba. Kai ka sani, ni da nas muke juya ka, har da nishi. Ko bakin titi ba za mu kai ba."

"To?"

"To zama zan yi. Ina za ni? In bi Yaya da wuƙarsa? Kwana biyu zai yi ya fara yi wa bishiyoyi lacca." Ta rufe littafin. "Ba ka da wani amfani a wurina, Baba. Ban taɓa zama na duba ko kana da shi ba. Kai ne dai kawai. In ka tafi, ban san wa zan gaida da safe ba."

Ba ta yi kuka ba, haka ta faɗa kamar mai ba da saƙo. Wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba, ba ta tantance ko dariya ce ko tari ba.

"Uwarki ma haka take. Ba ta iya lallashi ba."

Ta tashi ta ɗumama romon, ta dawo ta tallabo kansa da filo biyu. Ta kai cokali bakinsa ta tsaya. Hannunta ya fara sagewa kafin ya buɗe baki. Rabin ya zubo ta gefen da ya shanye, ta tare da tawul.

Ya karɓi na biyu, ya karɓi na uku. A na huɗu ya kau da kai.

"Babu gishiri."

"Likita ya hana."

"Kira yayanki," ya ce, idonsa a rufe. "Ki ce ya zo ya ba ni sauran. Amma ya ba ni shiru."