Ginshiƙin Ƙofar Ezekiya

Ranar Talata aka shafa wa katangar Ezekiya Tizhe jan fenti. Ma'aikatan tsara gari ne su uku, da igiyar awo da gwangwani, suna bin layukan Nassarawo gida-gida. Doka ta ce duk katangar da ke fuskantar titi ta ja baya ƙafa goma a haƙa lambatu, ginshiƙin ƙofa kuwa kada ya wuce tsayin mutum. Ginshiƙin Ezekiya na dama ya taka dokar ta kowane ɓangare, ga tsawo, ga faɗi kamar rumbu. Mako biyu aka ba shi ya rushe da hannunsa.

Maƙwabta dama sun daɗe suna yi masa tsiya a kansa. Magini na shekara talatin, wanda ya gina wa rabin unguwa ɗakuna, ya zo kan ƙofar gidansa ya yi ginshiƙi ɗaya ƙato, ɗaya siriri. Suka ce tsufa ne. Shi ma yakan taya su dariya, don ba domin tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Abin da ke cikinsa shi ne wannan. Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, shi da matarsa Susanna suka bi ayarin masu gudu ta duwatsu zuwa Kamaru. Ɗansu tilo Japhet, makanikin babur, ya ce su yi gaba, zai kulle gida ya biyo su. Bai biyo ba. Da sojoji suka karɓe garin, Ezekiya ya dawo shi kaɗai, ya sami ɗansa kwance a bakin ƙofa. Da makullan aljihunsa ya gane shi. Babu fasto, babu maƙwabci, hanyar maƙabarta kuma ba wanda ya yarda da ita. Ya haƙa a daidai inda ya same shi, ya rufe, ya ɗora gini a kai don kada kare ko tayar mota su taɓa wurin.

Da Susanna ta iso, a rame, hawan jini na kayar da ita, ta tambaye shi da ido kafin baki. Tsoro ya kama shi kada ya binne biyu a wata guda. Ya ce, "Ban gan shi ba." Shekara biyu ke nan tana rayuwa a kan wannan magana. An ce an ga mai kama da shi a Uba, ta hau mota ta je. An ce a Yola, ta sayar da akuya ta je. Ezekiya da kansa yake raka ta tasha, yana ƙin kansa.

Kwana uku ya yi yana kallon jan fentin, sannan ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi ofis. Shugaban masu awon, Malam Gabdo, bai ko ɗaga kai daga takardunsa ba.

"Baba, kowa ya zo sai ya ce nasa daban ne. Katanganka ya shiga hanya. Ruwa ba ya jin roƙo, bara sai da ya ci gidaje har bakin kogi."

"Ɗana yana ƙarƙashi," in ji Ezekiya.

Shi ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa. Gabdo ya ajiye biro, ya yi salati, ya tura masa kujera. Sannan ya ce kabari ba sa taɓa shi. A kawo takardar mai unguwa da sa hannun mutum biyu na gida, sai a karkatar da lambatun.

Mutum biyu na gida. Gidan kuwa shi ne da Susanna. Amma wanda ya saba da ɓoyo ba ya rasa dabara. Kafin ya wuce kasuwa ya gama shiri: zai je Mugulbu ya ɗauko ƙanensa ya sa hannu, ya roƙi mai unguwa ya rufa masa asiri. Har wani sauƙi ya ji a ransa, abin kunya.

Yana shan kwanar layinsu ya ji ƙarar guduma.

Lebura biyu ne a ƙofarsa, Susanna ce ta ɗauko su. Ginshiƙin ya riga ya zube, bulo a warwatse har tsakiyar titi, ɗaya ya fara sa diga a gindin. Susanna na tsaye ta ci ɗamara, fuskarta da fara'ar da ya shekara biyu bai gani ba.

"Baban Japhet, doka ya taimake ni!" ta ce. "Tun yaushe ina faɗa maka wannan abu ya canja fuskar gida? Yaro zai zo ya wuce bai gane ƙofar ubansa ba. Yanzu kam zai gane."

Ezekiya ya ruga da gudun da bai san yana da shi ba, ya riƙe ƙotar digar a sama. Leburan ya ja baya yana kallonsa kamar mahaukaci. Tsohon ya durƙusa a kan ƙasar da aka fara buɗewa, ya shimfiɗa tafukansa biyu a kai.

"Susanna, bai wuce ba. Yana nan. Ni na sa shi da hannuna, tun kafin ki dawo."

Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Abin da ya ji mata tsoro duk bai faru ba, wanda ya faru ya fi shi. Ta sallami leburorin da hannu, ta kwance ɗamararta, ta shimfiɗa gyalen a kan ƙasar, ta gyara gefensa a hankali.

"Je ka kira fasto," ta ce, ba ta dube shi ba. "In an fara addu'a, kada ka tsaya kusa da ni."