Mai Tuta a Gwangwanin Maɓallai

"Ina mai tutar?" Janar ya tambaye ni, yana lalube a kan tebur.

Na ce ban gan shi ba. Ƙarya na shara masa, yana cikin aljihuna.

Janar maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon shagon ɗinkina. Ko bindigar wasa bai taɓa harbawa ba, tsohon mai gyaran agogo ne. 'Yan layi ne suka laƙaba masa sunan saboda sojojin roba da yake yi wa fenti, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ɗakinsa rabi gado, rabi filin daga: faffaɗan katako da ya sassaƙa wa duwatsu da soso, ya barbaɗa koren garin katako ya zama ciyawa, ya zuba gam ya daskare ya zama kogi. Duk Asabar abokansa kan zo da tef ɗin awo da ƙwayar lido, su wuni suna yaƙi da dodanni. Tsofai-tsofai da su! Na yi musu dariya har na gaji, ƙarshe ni ce mai ɗinka musu tutoci da ragowar ƙyalle.

Soja sama da ɗari biyu ya fente, amma shekara da shekaru ya bar guda fari fat, mai riƙe da tuta. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "'Yata, rundunar da ta cika ba ta zama. Tafiya take yi, har da mai ita."

Wasa na ɗauke shi, sai da aka sallamo shi daga asibiti ya rame kamar tsinke, ya jawo mai tutar gabansa. Litinin ya yi takalma, Talata riga, Laraba fuska. Idanu kawai suka rage, su kuwa kullum su yake yi a ƙarshe. Ni ba mai camfi ba ce, amma tsoro ya kama ni, don ba na son in rasa tsohon nan. Tari na sarƙe shi, na yi wuf na ɗauke sojan. Na kai shago na binne shi a ƙasan gwangwanin maɓallai.

Bai ƙara tambayata ba. Sai dai washegari da na shiga gaishe shi, na tarar sojojin da ke fuskantar kogi duk sun juyo suna kallon ƙofa, saitin shagona. 'Yarsa da ke jinyarsa ta rantse ba ta taɓa su ba, shi kuma ko ruwa sai an ɗaga shi yake sha. Na gaishe shi a tsaye na fito.

Kwana huɗu bayan nan na je kasuwa sayen zare da hantsi, na janyo ƙofar shago kawai. Ina dawowa na hango takalma jibge a ƙofar gidansa, na gane Janar ya rasu.

'Yarsa ta rungume ni. Da kukan ya lafa, ta ce, "Anti, kin san yau da kansa ya tashi? Ya ce zai sha iska a shagonki. Bai daɗe ba ya dawo, ya wanke buroshinsa, ya kwanta."

Na tsallaka titi, na buɗe gwangwanin. Mai tutar na kwance a saman maɓallai, da ɗigo biyu baƙaƙe a fuskarsa, yana kallona.

Na mayar da shi ɗakin. A gaban sahun farko an bar gurbi daidai shi, nan na tsayar da shi yana fuskantar ƙofa. Da na janye hannu, na ga ɗan baƙin fenti a babban yatsana, ko bushewa bai yi ba.