Ranar da Rediyo Ta Yi Shiru

"Mama, bayan gida fa? Kina yawan zagayawa? Kina ganin jini?"

Likitan bai ko ɗago kai daga takarda ba. Mai Ɗinki ta saci kallon surukinta, mijin 'yarta, wanda ya kawo su asibitin, yana tsaye bakin ƙofa riƙe da jakarta. Ta ja gyale, ta ce lafiya lau, ita dai ƙaiƙayi ne ya hana ta sakat, sai idon nan da ya koma rawaya.

Maƙwabciyarta na zaune gefe. Rediyo ake ce mata, kuma Mai Ɗinki ce ta laƙa mata sunan, wai ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa. Shekara ashirin bango ɗaya ya raba ɗakinta da banɗakin Mai Ɗinki, ƙofar banɗakin nan kuwa kuka gare ta. Keken ɗinki zai tsaya cak, silifa su yi fat-fat, ƙofa ta ce ƙiii. Wata ran sau takwas kafin azahar. To, Rediyo ta sani sarai. Har ta buɗe baki, sai ta ji an take mata ƙafa ƙarƙashin tebur. Ta haɗiye maganar.

Da suka koma gida Mai Ɗinki ta ce, "Da kin tona ni gaban yaron nan, wallahi da na ɗinke bakin nan da zare biyu." Suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Asibiti suka ce hanyoyin matsarmama ne a hantarta ke tsukewa, ciwo ne na zama da shi. Aka yi ta kula da hanta. Shekara huɗu Rediyo na sosa mata baya da tsohon mataji, tana ba ta labarin unguwa, ƙofa kuma ba ta fasa kuka ba. Sai da Mai Ɗinki ta rage wa rigunanta faɗi har sau biyu sannan aka mayar da ita asibiti.

Wannan karon wata likita ce, yarinya mai sanyin murya. Ta fitar da kowa, ta bar Rediyo. Bayan gwaje-gwaje ta yi musu bayani a hankali: ciwon nan na matsarmama da gyambon hanji galibi tare suke tafiya, kuma wanda suka haɗu a jikinsa akan leƙa hanjinsa duk shekara, don sankara kan yi saurin samun wurin zama. Ta riga ta samu. Ta kuma yi nisa.

"Ba wanda ya taɓa tambayar ki, Mama?"

Rediyo ce ta amsa, idonta a ƙasa. Ta ce an tambaya.

Kwana uku kafin rasuwar, Rediyo na shafa mata mai a hannu, Mai Ɗinki ta dube ta.

"Ke Rediyo, batir ɗin ne ya ƙare? Daina wannan fuskar. Ai ni na take ki."

"Ƙafa kika take, 'yar'uwa. Ba baki ba."

Mai Ɗinki ta yi murmushi, ta ce a miƙo mata matajin, nan tsakiyar baya.

Da hantsi ta cika, 'yarta na riƙe da kanta.

Bayan an watse daga zaman makoki, surukin ya zo gyara gidan. Yaron kirki ne, Allah ya sani. Ya gaida Rediyo har ƙasa, ya ce shi fa tamkar uwa ya ɗauki marigayiyar, ya rasa abin da ya sa ba a gano ciwon da wuri ba. Rediyo ta ce kwana ne ya ƙare. Sai ya ɗauki 'yar kwalbar man keken ɗinkin daga kan taga, ya nufi ƙofar banɗaki, ya ce ta cika ƙara.

Rediyo ta so ta ce ya bar ta haka. Tana tsaye da matajin a hannu, ya ɗiga man, ya tura ƙofar, ya jawo ta. Ƙofa ta tafi, ta dawo, ko ƙis.