Motar da Ba Ta Taɓa Gudu Ba

Maazou ya kunna sigina ta hagu, ya duba madubi, ya sake dubawa, sannan ya sulala da motar cikin filin tseren. Babu kowa a bayansa, babu kowa a gabansa. Duk faɗin filin daga shi sai abokinsa Davou, sai wani dattijon Bature mai kula da wurin, wanda ya shige rumfa yana ɗumama hannu da kofin kofi.

"Wa kake yi wa sigina, Malam?" Davou ya ƙwala daga bakin katanga. "Tsuntsaye?"

Maazou bai kula shi ba. Ya ci gaba da tafiyarsa a natse, kamar mai ɗauke da ƙwai a but ɗin mota.

Motar jar Mustang ce, irin mai ƙarfin nan da ake kira Cobra. Ya saye ta a hannun wani dila a High Point Road, kuma tun ranar ba shi da hira sai tata. Ya san yawan dawakin da ke cikin injinta, ya san gudun da aka ce tana yi. Abin da bai sani ba shi ne gudun kansa, domin bai taɓa wuce abin da allon titi ya rubuta ba. In an rubuta talatin da biyar, talatin da uku yake yi. 'Yan Nijar na masallacin Juma'a sun sa masa suna Sarkin Gudu, kuma ba yabo ba ne. Har cewa suke wata tsohuwa ta taɓa wuce shi a titin Wendover tana shafa jan baki.

Shi kuwa yana da dalilinsa. Bizarsa ta mutu tun shekarun baya. Takarda ɗaya tak ta rage masa mai rai a Amurka, lasisin tuƙi, wanda shi da mutanensa ke kira permi. Saboda ita ma da yawansu suka sauka a Greensboro, don a da jihar ba ta tsananta tambaya. To, doka ta canja. Yanzu ba a sabuntawa sai da takardun zama, kuma permi ranar haihuwar mutum yake mutuwa. A ƙauyensu na wajen Tessaoua babu wanda ya rubuta ranar da aka haife shi. Takardarsa cewa kawai ta yi wajen shekara kaza, kwamfutar Amurka kuwa ba ta san "wajen" ba, sai ta ba shi ɗaya ga Janairu, kamar yadda ta ba rabin sahun gaba na masallaci. Yau jajibirin sabuwar shekara ta 2008, gobe permi ɗinsa zai mutu.

Da safe sai da suka yi da matarsa Tchima a kicin.

"Baban Oumaima, daga gobe fa ka aje makullin nan."

"In aje in tafi wurin aiki da mi? Da jaki?"

"Younoussa ma haka ya ce. Fitilar baya ɗaya ta mutu, aka kama shi, yanzu yana Yamai, 'ya'yansa suna nan."

"Younoussa gudu yake. Ni an taɓa tsayar da ni? Sau ɗaya?"

Ta juya ta ci gaba da wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ya fito da niyyarsa cikakkiya: zai ci gaba da tuƙi, da permi ko babu. Amma kafin nan yana so ya ga ƙarshen musun da suka daɗe suna yi da Davou.

Davou ɗan Jos ne, caca ta biza ta kawo shi, takardunsa cif. Makanike ne a wani gareji, kuma a bayan garejin yana da wata tsohuwar motar tsere da ya harhaɗa da hannunsa, irin waɗanda ake zagaya fili da su a ƙananan garuruwan jihar. Kullum Maazou cewa yake wannan gwangwanin ba zai kama Cobra ba. Shi ya sa Davou ya roƙi dattijon ya buɗe musu filin na 'yan awoyi, tunda lokacin sanyi ne babu wasa.

Filin ba babba ba ne, zagaye ne mai siffar ƙwai, kwanoninsa a karkace, duk hagu ake juyawa. Maazou ya miƙe kan doguwar hanyar ya taka totur. Injin ya yi gurnani, kujera ta tura bayansa, daɗi ya tsarga masa har wuya. Sai idonsa ya faɗa kan allurar gudu. Sittin da biyar. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta, ba da shawararsa ba.

A nan ne ƙarar ta iso. Davou ya shiga tasa motar, ya wuce shi kamar a tsaye yake, har gilashin Mustang ɗin ya yi rawa. Kafin Maazou ya gama kwana ɗaya ya sake wuce shi. A karo na uku ma ɗaga masa hannu ya yi, irin gaisuwar maƙwabta. Maazou ya ji kunya ƙwarai, ya ji haushi kuma, ya rasa wanda zai ɗora wa.

Da suka tsaya, Davou ya zaro sitiyari ya miƙo ta taga, sannan ya fito ta tagar shi ma, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, don motar ba ta da ƙofa.

"To, Sarkin Gudu? Gwangwani ya gaishe ka."

"Ban saba da hanyar ba ne."

"Wace hanya? Hagu ce kawai, my friend. Hagu, hagu, hagu."

Maazou ya zagaya motar yana neman aibu. Aibun ma ai ba sai an nema ba. Fitilun gaba sitika ce aka liƙa. Tayoyin sulɓi ne, babu zane ko ɗaya. Ciki babu komai sai ƙarafa a giciye da kujera ɗaya tilo, babu rediyo, babu hita, taga raga ce. Ya leƙa gaban direba ya daɗe yana dubawa.

"Ina allurar gudu?"

"Babu."

"Yaya kake sanin gudun da kake yi?"

"In san shi in kai wa wa? Kunnena da bayana ke gaya mini." Davou ya buga bayan motar da tafin hannu. "Ka ga nan? Babu lamba, babu inshora, babu takarda ko ɗaya. In ta taka titi, 'yan sanda za su kwashe ta."

"Ashe 'yar'uwata ce," in ji Maazou. "Sai dai ita a tirela ake ɗaukar ta."

Davou ya fara dariya, ya ga fuskar abokin nasa, ya fasa. Ya ce, "Gaskiya a kwana ba za ka taɓa kama ni ba. Taka ta yi nauyi, tayoyinta na zuwa kasuwa ne. Amma a miƙe, ba ƙarya ka yi ba, motar nan tana da wuta. Ba ni key."

Maazou bai taɓa ba kowa makullin ba. Ya miƙa. Ya zagaya ya zauna a kujerar da Tchima ke zama, ya ji wurin baƙo ne a gare shi.

Abin da ya biyo baya ba shi da sunan da zai kira shi. Injin ya yi wani kuka da bai san yana da shi ba, siriri, mai hawa sama. Katanga ta taho musu a guje, Davou ya taka birki, motar ta durƙusa, tayoyi suka yi ihu, ta fita kwanar tana karkaɗa gindi, sannan ta sake miƙewa. Maazou ya riƙe ƙofa yana salati, cikin salatin kuma dariya na ƙwace masa. Allurar ta je inda bai taɓa ganinta ba. Wato duk shekarun nan wannan abin yana kwance a ƙarƙashin ƙafarsa, yana kai shi siton da yake aiki yana dawo da shi, yana jiran danja. Da suka tsaya birki na wari, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce sanyi ne.

"Saura kai," in ji Davou. Ya ciro salatif baƙi daga aljihu ya liƙe fuskar allurar gaba ɗaya. "Babu lamba yanzu. Babu ɗan sanda. Just go."

Maazou ya koma mazauninsa. Wannan karon bai kunna sigina ba. Zagayen farko ya yi shi da ɗari-ɗari. A na biyu ya bar ƙafar ta nutse, ya ji kujera ta rungume shi, ya ji siririn kukan nan ya fara tasowa, kuma shi ne ya taso da shi. Ya buɗe baki ya yi ihu shi kaɗai a cikin mota.

Sai wani haske ya gilma a madubi, yana walƙiya.

Bai yi tunani ba. Ya taka birki, ya gangara dama ya tsaya a jikin katanga. Ya kashe injin, ya sauke gilashi, ya ciro permi ya ɗora a gaba inda za a gani, ya aza hannuwansa biyu a kan sitiyari, yatsu a buɗe. Haka ya koya wa kansa tun zuwansa, yana maimaitawa a zuci duk safiya. Fuskar Oumaima ce kawai a idonsa, da jakar makarantarta.

Tsohuwar akori-kurar dattijon ce, da 'yar fitilarta ruwan ɗorawa a kan rufi. Ya tsaya a gefensa ya leƙo. Ya zo ne ya ce musu zai rufe da wuri, jikokinsa na jiransa. Ya dubi hannuwan Maazou a kan sitiyari, ya dubi katin, ya ce cikin Turancinsa mai ja, "Lafiya dai, ɗana?"

Maazou ya gyaɗa kai. Hannuwan sun ƙi sauka.

Davou ya iso da gudu, ya ga komai. Wannan karon bai yi tsokana ba. Ya jingina da motar ya kau da kai, yana kallon kujerun 'yan kallo da babu kowa a kansu. Iska mai sanyi na shiga ta taga.

"Yau fa ina da permi," Maazou ya ce a hankali. "Yau, da shi a hannuna, a cikin fili mai katanga. Gobe fa?"



Maazou ya fito. Ya kwashe carbinsa daga jikin madubi, da kaset-kaset ɗinsa, da wani takalmin Oumaima ƙafa ɗaya da ya ɓata tun bazara. Ya miƙa wa Davou makullin.

"Ka aje ta bayan garejinku, kusa da gwangwani. In ka samu mai so, ka gaya mini."

"Haba, Malam. Ai har yanzu katinka na aiki. Ka kai ta gida mana, ko sau ɗaya."

"A'a. Na gaji."

Suka ɗora motar tseren a tirela. Dattijon ya yarda Mustang ɗin ta kwana a rumfarsa zuwa jibi. Maazou ya shiga gaban motar Davou mai jan tirelar ya zauna, kayansa a cinya. Sun yi nisa a hanyar komawa gari, tirela na ƙara a baya, gidajen bakin hanya duk sun kunna fitilun biki.

Wajen shiga Greensboro ne Maazou ya yi gyaran murya.

"Daga gida a High Point Road zuwa wurin aiki a Wendover, wace bas ake shiga? Sai an je babbar tasha an canja, ko akwai mai zuwa kai tsaye?"

Davou ya yi ta tunani har danja ta ba su hannu.

"Gaskiya ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa shiga bas a garin nan ba."